Me ya sa kwamfutar gem "mai araha" ta gagari mai matsakaicin ƙarfi?

A kasuwannin Turai da Amurka, idan aka ce kwamfutar gem mai araha, ana nufin wadda za a iya haɗawa da Dala 600 zuwa 700. Idan aka lissafa Dala ɗaya a kan Naira 1,500, Dala 700 ta zama Naira miliyan ɗaya da dubu 50, wato albashin wata 15 cif ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024. Wannan kuwa tun kafin a saka kuɗin dako da na Kwastam da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ribar ɗan kasuwa. Allon kallo da madannai ma ba sa cikin lissafin.

Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan damuwar 'ya'yan masu hali ce, a lokacin da magidanta ke fafutukar kwanon masara. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba ta kai ƙarshe ba. Na'urar da ke iya ɗaukar manyan wasannin bidiyo, ita ce dai mai tace fim ke buƙata a Kano, ita ce ɗalibin zanen gine-gine ke nema a Zariya, kuma ita ce jarin mai gidan gem da ke tara yaran unguwa suna buga EA Sports FC, wasan ƙwallon da aka fi sani da tsohon sunansa na FIFA. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani, amma wani ɓangare na waɗannan sana'o'i ba ya yiwuwa a kan wayar hannu.

Kashin bayan irin wannan kwamfuta shi ne katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Shi kaɗai yakan lashe kusan rabin kuɗin. A 2016 kamfanin Nvidia ya fitar da GTX 1050 Ti a kan Dala 139, kuma shekaru da dama ana morar sa. A yau katin da ake ɗauka a matsayin matakin farko na mai son wasa da gaske ya koma wajen Dala 300: RTX 4060 ya fito a 2023 a kan Dala 299, haka ma magajinsa RTX 5060 a 2025. Ma'ana, ƙofar shiga ta ninka ko da a ƙasashen da kuɗinsu bai faɗi ba.

A Najeriya kuma sai aka samu ƙari a kan ƙari. Kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, Dala tana wajen Naira 460 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuma wajen 750, kuma da wannan na biyun ne galibin masu shigo da kayan kwamfuta ke saye. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Katin Dala 299 da zai tsaya a kan Naira 224,000 da 'yan kai a farashin bayan fage na wancan lokaci, sai ya koma kusan Naira 450,000. Gaskiya ne Naira ta ɗan farfaɗo daga baya, amma 'yan kasuwa sun san halin farashi a ƙasar nan: hawa da gudu, sauka da rarrafe. Ga shi kuma Hukumar Kwastam tana ƙiyasta haraji ne da farashin canjin da ake ciki, don haka faɗuwar Naira sau biyu take cizon mai shigo da kaya, wajen saye da wajen fito.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa Naira laifin baki ɗaya. Tun daga 2020 kasuwar take fita daga wannan masassara ta faɗa wata. Daga 2020 zuwa 2022, annobar korona ta tsayar da masana'antu, sannan masu haƙar kuɗin kirifto suka yi wa katunan hoto wawaso. Ba irin "mainin" ɗin da matasa suka yi ta dangwalawa a waya a 2024 ake nufi ba. Waɗannan ɗakuna ne cike da ɗaruruwan katuna masu aiki dare da rana. RTX 3060 da aka sa wa Dala 329 a 2021 ya yi ta sayuwa a kan ninkin haka. Sai da tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022 kafin kasuwar ta numfasa.

Numfashin bai yi tsawo ba, domin ƙirƙirarriyar basira ta zo da yunwar da ta fi ta masu haƙa. Alƙaluman Nvidia na shekarar kasuwancinsa ta 2025 sun isa bayani: ya samu kimanin Dala biliyan 115 daga sayar wa manyan cibiyoyin adana bayanai kaya, yayin da ɓangaren wasanni ya kawo masa biliyan 11 da ɗoriya. Kamfanin da masu wasa suka raina tun yana ƙarami, yanzu ba su ne manyan abokan cinikinsa ba, kuma ba a bukatar boka ya faɗi wanda za a fara sallama idan kaya suka yi ƙaranci.

Abin da ya fi ɗaure wa masu saye kai shi ne yadda matsalar ta gangaro kan ram, wato ƙwaƙwalwar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Shekaru da yawa ram na cikin kayan da ba a damuwa da kuɗinsu. To amma kamfanoni uku ne kacal, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar. Da suka karkata injinansu ga nau'in ƙwaƙwalwar da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke saye da tsada, sai farashin ram na gama-gari ya ninka sau biyu, wani ma sau uku, a watannin ƙarshe na 2025. A watan Disamba kuma Micron ya sanar da cewa zai rufe Crucial, sunan da yake sayar wa ɗaiɗaikun mutane kaya da shi. Tun da katin hoto da waya da kwamfutar cinya duk suna ɗauke da ƙwaƙwalwa a cikinsu, tsadar ba za ta tsaya a wuri ɗaya ba.

Wannan ne ya sa mafi yawan masu nema ke karkata ga na-hannu, ko a Computer Village da ke Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano. Dabarar da aka fi bi ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis da aka shigo da ita, kamar Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, a ɗora mata katin hoto. Dabara ce mai kyau, amma tana da ramuka. Ƙananan irin waɗannan na'urori ba su da ƙarfin wutar da zai ciyar da babban kati, ba su kuma da sararin da zai zauna, don haka sai irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, waɗanda ba sa jan fiye da wat 75. Wanda ya sayi babban kati bai duba wannan ba, ya sayi abin ajiya.

Rami na biyu shi ne shekarun na'urar. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 ba ya karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na takwas a hukumance, sannan yana buƙatar kariyar TPM 2.0. Wasu sabbin wasanni, kamar Call of Duty: Black Ops 7, su ma sun sharɗanta wannan kariya. Ke nan kwamfutar zubi na shida ko na bakwai da aka karya farashinta a shago, arhar tata tana da dalili, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗe shi ba sai an tambaya. Haka katunan da suka ci wuya a ɗakunan haƙa: ana iya goge su su yi ƙyalli, amma fankar da ta gaji ba ta ɓoyuwa idan aka kunna wasa mai nauyi na rabin sa'a a gaban mai shago. Wanda ya ƙi a yi wannan gwaji, ya riga ya ba da amsa.

Bayan saye kuma akwai riƙo. Kwamfutar da ke jan wat 300, idan ta yi sa'a biyar kullum, za ta sha yunit 45 a wata. Ga 'yan rukunin A, waɗanda Hukumar NERC ta ɗaga musu farashi daga kimanin Naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, wannan ya kusan Naira 10,000 a wata. Ga sauran rukunai, matsalar ba kuɗin ba ce, wutar ce babu; idan ta zo kuma da hauhawa da faɗuwar da ke ƙona kaya. Dole a tanadi sitabilaiza da na'urar riƙe wuta, ko inbata da sola, ko janareto da fetur ɗinsa. A Arewa ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Su ma 'yan kasuwar ba a kan gadon fure suke ba. Wanda ya saro kaya Dala tana sama, ta sauko kafin ya sayar, ya tafka asara. Wanda ya sayar da ram a tsohon farashi, ya koma saro ya tarar kuɗin ba za su maido rabin kayan ba. Shi ya sa da yawa ba sa ajiye manyan katuna a shago sai an ba da kafin alƙalami, farashin da suka faɗa da safe kuma ba lallai ya kai yamma ba. Garanti kuwa, na kwanaki ne ko makonni, domin mayar da kati ga kamfanin da ya ƙera shi daga Kano ya fi sayen wani wahala.

Akwai ɗan haske ta ɓangaren gasa. Intel ya fitar da Arc B580 mai gigabait 12 a kan Dala 249 a Disamban 2024, AMD kuma ya kawo RX 9060 XT a Yunin 2025. Sai dai gina sabuwar masana'antar ƙwaƙwalwa aikin shekaru ne, don haka ma'aikacin da ke tara kuɗi yana jiran farashi ya faɗi nan da sallah, zai fi masa ya sayi na'urar zubi na takwas ko sama da haka mai ram gigabait 16, ya bar katin hoto zuwa lokacin da aljihu ya yarda.