Filin da ke kewaye da fada shi ma tarihi ne

Daga ƙofar kudu ta Fadar Windsor, wadda ke yamma da birnin Landan, wata hanya ta miƙe sambal fiye da kilomita huɗu, itatuwa jere dama da hagu, har ta dangana da wani tudu mai ɗauke da mutum-mutumin Sarki George na Uku bisa doki. Sarki Charles na Biyu ne ya sa aka fara shata ta a wajajen 1680, kuma ta nan aka bi da gawar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a watan Satumban 2022. Amma a sauran ranaku hanyar ta talakawa ce. Uwa na tura keken jariri, kaka na tafe da sanda, yara sun yi gaba da gudu, can gefe kuma garken jajayen bareyi masu ƙaho mai rassa na kiwo ko a jikinsu. Shiga cikin fadar sai da tikiti, shi ma ba mai arha ba. Bin wannan hanya da ƙafa kuwa kyauta ne. A ganina wannan fili da ake takawa kyauta ya fi ɗakunan da ke cikin ginin raya tarihin wurin, kuma duk wanda ya adana gini ya sayar da filin da ke kewaye da shi, rabin gadon kawai ya adana.

Dalili na farko yana ga yara. Ɗan shekara biyar ba ruwansa da cewa William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya fara kafa wannan fada, kuma ba zai jure tsayuwa gaban zanen wani basarake ana ce masa kar ya taɓa ba. Abin da zai riƙe shi ne ya ga namijin barewa ya ɗaga kai yana ruri a lokacin barbara, ko ya tsinci 'ya'yan itace masu sheƙi a ƙarƙashin bishiya, ya waiwayo ya hango hasumiyar fadar tana ƙara ƙanƙancewa a bayansa. Tun kafin ya san sunan sarki ko ɗaya ya riga ya san girman wurin da ƙafarsa, ya gane dalilin da ya sa aka ɗora ginin a kan tudu. Idan ya girma aka zo maganar kashe kuɗin jama'a don gyaran wurin, ba baƙon abu ake roƙonsa ya tallafa wa ba.

Su kansu namun dajin ba ado ba ne. Gandun da ke kewaye da fadar ya kai kimanin hekta 2,000, kuma da yake an daɗe ba a sare shi gaba ɗaya ba, akwai itatuwa a ciki da suka haura shekara 500. Masu kula da wurin sukan bar tsohuwar bishiya tsaye ko da cikinta ya rube ya zama kogo, su bar reshen da ya faɗi ya ruɓe a inda ya faɗi, abin da mai neman itacen girki zai kira asara. A cikin irin wannan ruɓaɓɓen gindi ne wani ɗan ƙwaro mai launin shuɗi-shuɗi yake rayuwa, wanda a duk Birtaniya wurare uku kacal aka san yana nan, Windsor na ɗaya daga ciki. Ba za a iya dasa irin wannan muhalli yau a ci moriyarsa gobe ba. Tsufan bishiyar da tsufan katangar fadar abu ɗaya ne ya kawo su, wato an bar ƙasar a hannu ɗaya ba a yayyanka ta ba.

Wani zai ce ai wannan gandu asalinsa zalunci ne, kuma yana da gaskiya. Wurin farautar sarakuna ne, kuma a zamanin William hukuncin wanda ya kashe barewar sarki ya kai ga cire masa idanu. Sai dai wannan hujja ce ta buɗe ƙofa, ba ta rushe gandu ba. Da an raba shi fuloti-fuloti, masu kuɗi ne za su saye, talakan da aka hana kakanninsa shiga ya sake tsayawa a waje, wannan karon har abada. Wani kuma zai ce mutane da dabbobi ba sa haɗuwa lafiya. Lallai namijin barewa na da haɗari a watannin barbara, kuma kare maras igiya na iya tarwatsa garke. Maganin da aka samo mai sauƙi ne: mota da keke ba sa bin hanyar, ana ɗaure karnuka a sashen bareyi, ana gargaɗin mutane su tsaya nesa, ana kuma rage garken don ya tsaya a kan kimanin 500, daidai abin da ciyawar za ta ɗauka.

Suka mafi nauyi ita ce ta ciki: ƙasar da ta ƙoshi ce ke barin fili don yawon shan iska. Tarihin Windsor kansa ya amsa wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da abinci ya yi wuya, an kawar da bareyin an nome sashen gandun. Da yunwa ta wuce, filin yana nan, shi ya sa a 1979 Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, ya iya sa aka kawo wasu daga Balmoral a Sikotilan aka sake kafa garken. Haka itatuwan hanyar, da cuta ta kama na farko aka sare su a shekarun 1940 aka dasa wasu. Gona na iya komawa daji, bishiya na iya samun magaji. Filin da aka zuba wa siminti ne ba ya dawowa.

A nan ne maganar ta shafe mu. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da gonaki da kududdufai da duwatsun Dala da Goron Dutse, domin gari ya iya ci da kansa idan aka yi masa ƙawanya. Yau idan ana kukan lalacewar ganuwa, ƙasar da ta zube ake yi wa kuka, ba a cika tuna kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu ba, alhali su ne ke shanye ruwan damina, su ne kuma ke jawo balbela da shamuwa cikin gari. Haka rimayen Zariya suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba mai maye gurbinsu. Magidancin da ke son fita da iyalinsa da la'asar ya rasa inda zai kai su in ba wurin da ake biyan kuɗin shiga ba. Ba sai an shigo da bareyi ba. A ware abin da ya saura na fili a gindin Dala da dutsen Kufena na Zariya da jikin ganuwa, a rubuta a doka cewa ba na rabo ba ne, a dasa kuka da rimi da tsamiya, a sa masu gadi da masu shara, a hana babura shiga, sannan a bar ƙofa buɗe ga mai tafiya da ƙafa ba tare da an karɓi ko sisi ba.