Jarrabawar Masu Nutso: Maki Nawa ke Ceton Rai?

Kowace shekara idan damina ta yi nisa, kududdufai da madatsun ruwa na ƙasar Kankiya da Kusada suka cika suka batse, sai hankalin iyaye ya tashi saboda yara masu zuwa wanka da masu shayar da dabbobi. Ga kuma babban dam na Zobe a Dutsinma, maƙwabciyarsu. In tsautsayi ya auku, masunta ake rugawa a kira, su shiga ruwa da numfashinsu kawai. Ba mu manta da kifewar kwalekwale a dam ɗin Watari na Bagwai, Jihar Kano, cikin Nuwamba 2021 ba, inda yara 'yan Islamiyya da dama suka rasu, ko wanda ya faru a Mai'aduwa cikin Mayu 2022.

Saboda haka lokaci ya yi da hukuma za ta horar da masu ceto, ta ba su tukunyar iska irin wadda ake goyawa a baya a daɗe ƙarƙashin ruwa. To amma ran da aka tashi yin haka, tambaya za ta taso: wa za a ɗauka? Mun san halin ofisoshinmu. Za a shirya jarrabawa a rubuce da Turanci, a jera sunaye bisa maki, a kwashi na sama. Ɗan Sarkin Ruwa wanda ya tashi cikin ruwa tun yana ƙarami ya koma gida, a miƙa kayan aiki ga wanda bai taɓa wuce ruwan gwiwa ba. Wannan shi ne abin da muke gudu.

Bari mu dubi yadda masu wannan sana'a ke yi a duniya. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka cikin 1966, tana ba da takardar shaidar nutso ta matakin farko bayan abubuwa uku: karatu, gwaji sau biyar a ruwa marar haɗari, da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Jarrabawarta ta ƙarshe tambaya 50 ce, ana ci da kashi 75 cikin ɗari. Wanda ya sami 76 da wanda ya sami 98 takarda iri ɗaya ake ba su, kuma iyakar zurfin da aka yardar musu ɗaya ne, mita 18. Abin da malami ke kula da shi shi ne tambayoyin da ɗalibi ya faɗi, ya zauna da shi har ya gane su. Sannan komai yawan makinsa, sai ya nuna zai iya iyo mai nisa, ya kuma yi minti 10 a saman ruwa bai nitse ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kada kuwa mai karatu ya ɗauka cewa karatun ba shi da amfani. Akwai ilmin da ruwa ba ya koya wa mutum sai ya halaka shi. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na bisa tudu sau biyu. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a can, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu cikin huhunsa, tana iya fasa shi. To riƙe numfashin nan shi ne gwanintar masunci, da ita yake taƙama. Ashe abin da ya saba da shi shi ne zai fara cutarsa ran da aka goya masa tukunya. Haka kuma wanda ya daɗe a zurfi ya taso da gaggawa, iska kan yi kumfa cikin jininsa, ta jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki.

Ra'ayinmu a nan shi ne, a mai da jarrabawar ta zama ƙofa wadda kowa zai bi, kada ta zama sikelin auna fifiko. A yi ta da Hausa, da boko ko ajami, wanda bai iya rubutu ba a tambaye shi da baki. Tambayoyin da suka shafi rai kuwa, kamar riƙe numfashi da saurin tasowa, kada a yafe ko ɗaya, ko da mutum ya cinye sauran duka. Zaɓen gwani kuma a bar shi sai an je bakin ruwa. Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya tana iya taimakawa wajen koya musu agajin farko ga wanda aka tsamo.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, da Hukumar Kashe Gobara, da sarakunan ruwa, su zauna kan wannan batu tun da rani, domin rigakafi ya fi magani. Ɗalibanmu kuma su lura, takardar shaida alkawari ce cewa mai ita ya iya aikin da aka rubuta a kanta. Allah Ya kiyashe mu da tsautsayi, amin.