Wata Guda Ina Karatun Littattafan Soyayya: Ga Abin Da Na Gani

  

Maganar da nake so mu yi a wannan fitowa ita ce ta littattafan soyayya, waɗanda kowa ya san 'yan matanmu suna karantawa, amma kowa ya yi kamar bai sani ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Don haka a hutun ƙarshen shekara na ware wata guda cur na karanta guda 14. Shida tsofaffi ne na takarda. Biyu na Turanci ne daga jerin Pacesetters, wanda kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977 domin matasan Afirka. Sauran shidan kuwa irin na yanzu ne, da ake turawa shafi-shafi ta WhatsApp ko a karanta a Wattpad, kuma ɗalibaina na ajin manya ne suka zaɓo mini su, bisa sharaɗin ba zan tambayi wadda ta kawo ba. Na Turancin ba su da wata doguwar magana, gajeru ne, a yini ɗaya ake gamawa, kuma yaro zai ƙaru da Turanci. Maganata tana kan na Hausar ne.

Bari in fara da tsofaffin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kusan dukkansu faɗa suke yi da kwaɗayi da kuma tilas. A cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tun shekarun 1930, Abubakar yana son Zainab, sai attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiyarsa ya aure ta, ramuwar da ta biyo baya kuma ta faɗa kan ɗan da aka haifa. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, 'yar Fulani ce ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba, dangi suka tayar da ƙura. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka ne, gida kuma suka dage sai mai kuɗi. A nan ina da ja da littafin, domin faɗawar Sumayya rijiya ba abin da za a nuna wa yarinya ba ne a matsayin mafita. Amma duk da haka mai karatu ya san inda marubucin ya tsaya: hali ya fi aljihu.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa ta fi kowa taɓa ni, wataƙila don ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), an cire Abu daga makaranta aka aura mata tsoho, ta gudu Kano, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kwikwiyo Ne (1990), Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amaryarsa Delu, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, shi kuma gobara ta cinye masa shago. Wallahi duk wadda ta karanta wannan littafi sai ta tuna wani gida a unguwarsu. Ba banza ba aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Haka ma Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda aka fi sani da Anti Bilki, ita ma marubuciya ce mai ɗaga darajar ilimin 'ya mace.

To, sai na zo kan shidan waya. Jama'a, biyar daga ciki miji ɗaya suka aura! Saurayi ne bai kai 35 ba, yana da kamfanoni, yana da gida a Abuja da wani a Dubai, ko dai yarima ne ko babban soja ko likita, kuma miskili ne, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. Ita kuwa yarinyar marainiya ce, ko 'yar ƙauye, ko 'yar aikin gidansu. Sai kakarsa ko Hajiyarsa ta rantse sai ya aure ta. Daga nan sai wulaƙanci: ya hantare ta, ya kira ta ƙazama, wani har mari, ita kuma tana kuka tana dafa masa abinci. Bayan shafi 50 ko 60 sai ta yi haske ta yi kyau, shi kuma ya kwanta ciwon so, ya durƙusa yana neman gafara, sai akwatuna, sai Umara, sai tagwaye. Shi ke nan, labari ya ƙare.

Ku duba bambancin da kyau. A tsofaffin, kuɗi shi ne abokin gabar soyayya. A waɗannan kuwa kuɗi shi ne angon. Balaraba ta rubuta auren dole a matsayin miki, waɗannan sun rubuta shi a matsayin sa'a, muddin dai wanda aka tilasta miki yana da mota. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni a watan nan.

Na san wani zai ce, to batsa fa? Gaskiya ne, biyu daga cikin shidan suna da wuraren da ba zan iya karantawa a gaban kowa ba, kuma babu wani uzuri da zan yi musu. Sai dai ita batsa ba ta ɓuya. Yarinyar da ta zauna a Islamiyya shekara uku ta san haramun ce, shi ya sa take kife wayar in an shigo. Amma wa ya taɓa gaya mata cewa labarin miskilin attajiri shi ma guba ne? Babu kalmar banza ko ɗaya a ciki, har salla suke yi a kan lokaci, amma a hankali yana koya mata abu biyu. Na farko, talakan da zai zo da gaskiyarsa, malamin makaranta ko tela ko mai shago, bai kai ba. Na biyu, in mai kuɗi ya mare ki to ki daure, so ne yake tafe. Yarinya ta shiga ɗakin miji da wannan karatu a kanta, me kuke tsammani? Ai ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, su kuma littattafan nan ba sa taɓa bari miyar ta ƙare.

Alhali abin da muke karantarwa a aji ya saɓa da haka. An umarci iyaye su duba addini da halin mai neman aure. An sanar da mu cewa mafi alherin maza shi ne mafi kyautata wa iyalinsa. A Sahihul Bukhari akwai labarin Khansa'u 'yar Khizam, wadda mahaifinta ya aurar ba da yardarta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Akwai kuma na Barira da Mugisu, wanda yake bin ta a titunan Madina yana kuka saboda so, Annabi (SAW) ya yi masa ceto a wurinta, da ta ji ba umarni ba ne ta ƙi komawa, kuma ba a tilasta ta ba. Ashe ke nan maganar so da ƙi ba baƙuwa ba ce a littattafanmu na addini. Mu ne muke tsallake ta don kunya, muka bar wa marubucin da ba mu san ko wane ne ba ya yi wa 'ya'yanmu bayani.

Sai batun hanawa. Iyaye da yawa za su ce a ƙwace a ƙona, a huta. Ina girmama wannan kishi, amma ai an gwada. Tun shekarun 1990 masana suka yi ta muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu kuma suka kare su. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta shirya ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata. Shin an daina karantawa? Ina! Tsadar takarda da shigowar waya suka zo suka kwashe karatun gaba ɗaya zuwa inda ido ba ya kai wa. Littafin takarda yana da sunan marubuci a bangonsa, sau da yawa har da hotonsa da adireshinsa, uwa tana iya tsintarsa a ƙarƙashin matashi ta duba. Na waya kuwa da yawansu sunan aro ne, ba mai tacewa, ba mai gyarawa, kuma ba ya ƙonuwa.

Kada kuma mu manta da alherin da wannan adabi ya yi. Mata nawa ne suka ƙware a karatun boko saboda son su san ƙarshen labari? Daga cikin masu karatun ne marubuta suka fito, har sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016. Son karatu ni'ima ce. Gyara shi ake yi, ba a kashe shi.

Saboda haka ga shawarata ga hukumar makaranta da iyaye. Na ɗaya, a ware kanta guda a ɗakin karatunmu a zuba zaɓaɓɓun littattafan Hausa, waɗanda malamai suka karanta da kansu, ba waɗanda suka ji labari ba. Na biyu, sau ɗaya a wata ajin manya su zauna da malama a tattauna littafi guda, a yi masa tambayoyi uku: In aka cire kuɗin mutumin nan, me ya rage da za a so? Ita yarinyar, me ta sani, me ta iya, ban da kyau da kuka? Da labarin ya ci gaba shekara goma bayan biki, yaya gidan zai kasance? Ɗalibar da ta saba da waɗannan tambayoyi, ko a waya ta haɗu da miskilin attajiri za ta gane shi. Na uku, iyaye mata, ku karɓi wayar ku karanta tare da ita maimakon ku fasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ranar kai amarya ake fara yi mata bayanin aure ba.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, ina da magana biyu da ku. Littafin waya ba ya ƙarewa, ɗaya daga cikin shidan nan sai da ya ci mini kwana shida. Wadda ta kai ƙarfe biyu na dare tana jiran shafi na gaba, da safe a wajen hadda ake gane ta. Ku ba kowane abu lokacinsa. Sannan wadda take ganin tana da baiwar labari a cikinku, to ta rubuta mana, da boko ko da ajami, labarin gida irin namu, mai tukunya ɗaya da rufin asiri. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya haɗa 'ya'yanmu da abokan zama nagari, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.