Daga Bakin Binuwai: Ƙuri'ar Mata Ba Ta Turmin Atamfa Ba Ce

Jama'a, tun da guguwar zaɓen 2027 ta fara kaɗawa, ga 'yan siyasa nan sun soma tuna hanyar gidajen mata a Yola da Jimeta. Wannan zawarci ba sabon abu ba ne, kuma ba a ƙasarmu aka fara shi ba.

A watan Nuwamba na 1918, bayan Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Farko, sabuwar gwamnatin ƙasar ta ba mata ikon jefa ƙuri'a. Ran 19 ga Janairu 1919 suka fita zaɓe karo na farko, fiye da kashi 80 cikin 100 nasu. Da yake yaƙi ya ci maza, mata sun fi yawa a rajista, sai jam'iyyu suka yi musu caa. Har waɗanda suka daɗe suna cewa siyasa ba ta mace ba ce suka buga takardun talla da hoton uwa da ɗanta, suna alkawarin abinci da zaman lafiya da tsaron addini. Abin mamaki, jam'iyyun coci da na 'yan mazan jiya sun fi cin ribar ƙuri'ar mata bisa jam'iyyar SPD wadda ta yi shekaru tana fafutukar samo musu ita. Duk da haka mata 37 suka shiga majalisa mai kujera 423.

To, mu dawo gida. Matan Kudu sun fara zaɓe tun kafin mulkin kai, amma na Arewa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, watau shekarar da aka kafa Jihar Gongola, Yola ta zama hedkwata. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da wannan hakki, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kansa.

Adamawa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta aika Grace Bent Majalisar Dattawa a 2007, da Binta Masi Garba a 2015, da Aishatu Binani a 2019. A 2023 kuwa Binani ta kara da Gwamna Ahmadu Fintiri, sai da aka je zaɓen cike gurbi kafin ya yi nasara. Amma fa a ƙasa baki ɗaya, mata 4 kacal zaɓen 2023 ya kai Majalisar Dattawa mai kujera 109. Mai karatu ya auna da lissafin Jamus na 1919, zai ga ko rabin kasonsu ba mu kai ba.

Dalili a fili yake. Mace tana da daraja wurin jam'iyya ranar layi, ba ta da ita ranar rabon tikiti. A kawo mata atamfa da sabulu, ta yini cikin ranar Yola tana jiran akwati, daga nan sai bayan shekara 4.

Iyayenmu mata, kowa ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi mata nawa jam'iyyarsa ta tsayar. Ku tambaye shi batun ruwan famfo, da wutar da ake ɗaukewa mai markaɗe ta koma sayen fetur, da maganin ɗakin haihuwa. Atamfa wata shida take ta koɗe, wanda kuka zaɓa kuwa shekara 4 zai yi a kanku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.