Lafiya uwar jiki: Hanta, ƙiba da ciwon sukari

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san hanta. Hantar babban mutum tana kai kilo 1 da rabi. Ita ce rumbun jiki. In mutum ya ci tuwo ko ya sha fura, abincin yana zama sukari cikin jini. Hanta ta ajiye wani kashi. Da dare, ko lokacin azumi, sai ta riƙa sako shi kaɗan kaɗan.

Hanta tana kuma yin wani irin maiƙo da likita ke kira kolastarol. Jiki yana bukatarsa. Da shi take yin ruwan maɗaciya, mai narkar da kitse cikin hanji. In ya yi yawa cikin jini, ita ce ke kwashe shi.

To, amma rumbu in ya cika, sai ɓarna. Mai yawan shan shayi da sukari, mai yawan cin kitse da soye-soye, ga zaman rani babu aiki, sai ya yi tumbi. Abin da ya yi saura, hanta ta maida shi kitse, har ita kanta ta yi kitse. Akwai wani ruwa cikin jiki mai suna insulin, shi ke hana ta sako sukari in jini ya ƙoshi. Hanta mai kitse ba ta jin maganarsa. Sai sukari ya taru cikin jini, maiƙo kuma ya toshe hanyoyin jini.

Jama'a na cewa tumbi alamar arziki ne. Sau da yawa mafarin ciwo ne. Mai ciwon sukari yana yawan jin ƙishirwa, yana yawan fitsari da dare, miki ba ya warkewa da wuri. In aka bari, ciwon yana iya cin ido ko ƙafa. Wa zai yi noma ke nan?

Hanta tana farfaɗowa in an sauƙaƙa mata. Mai kilo 80 in ya rage kilo 4 zuwa 8, kitsenta yana raguwa. A rage sukarin shayi da na fura. A yawaita wake, zogala, kuɓewa da miyar kuka. A riƙa tafiya ƙasa, a kama aikin garka da rani.

Wanda ya ga alamun nan, ko siriri ne, ya tafi gidan likita da safe kafin ya karya. In awo ya nuna giram 1,26 cikin litar jini ko fiye, za a sake awo a tabbatar. Rigakafi ya fi magani.