Ficewar likitoci: Abin da lambar yabo da alawus suka kasa riƙewa

A watan Agustan 2024 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda gwamnati ta ce za ta rage kwararar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen waje, ta kuma janyo waɗanda suka riga suka tafi su dawo gida. Bayan wata takwas, a Afrilun 2025, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana a Abuja cewa likitoci sama da 16,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara biyar zuwa bakwai da suka gabata, kuma horar da likita guda yana cin fiye da Dala 21,000.

Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma biyu, za a ga ƙasar ta kashe sama da Dala miliyan 300 wajen horar da mutanen da yanzu suke duba marasa lafiya a Birtaniya da Amurka da Kanada da Saudiyya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

An daɗe ana musanta girman matsalar. A Afrilun 2019, Ministan Ƙwadago na lokacin, Dokta Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya faɗa a gidan talabijin cewa Najeriya na da rarar likitoci, don haka tafiyarsu ba abin damuwa ba ce. Shekara huɗu bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi yi wa katutu. Da aka farga, sai aka fara neman magani ta hanyar tilas. A Afrilun 2023 wani ƙudiri na ɗan Majalisar Wakilai Ganiyu Johnson ya tsallake karatu na biyu, yana neman a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar. A Fabrairun 2024 kuma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta gindaya sharaɗin shekara biyu na aiki kafin ta tantance takardun mai son fita. Matakan biyu sun tayar da ƙura, domin ma'aikatan sun ɗauke su a matsayin kulle ƙofar gida ba tare da an gyara rufin da ke yoyo ba.

A ɓangaren lallashi kuwa, gwamnati ta fi dogara da alawus, kuma tarihin alawus ɗin kasada ya isa misali. Shekaru da dama Naira 5,000 ake biyan likita a wata a madadin haɗarin kamuwa da cututtuka irin su Lassa da tarin fuka. Sai bayan annobar korona da yajin aikin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, wanda ya ɗauki kimanin wata biyu a 2021, aka ɗaga shi zuwa tsakanin Naira 32,000 da 40,000 a Disambar shekarar. A lokacin, Naira 40,000 ta kusa Dala 100 a farashin gwamnati. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, kuɗin ya koma ƙasa da Dala 30. Ƙarin kashi 25 da kashi 35 cikin ɗari da aka yi wa albashin likitoci a 2023 ma haka ya narke, ganin cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Kuma ariyas ɗin ƙarin ya daɗe yana cikin jerin buƙatun da ke kai likitocin ga yajin aiki.

A nan ne tsarin yake da rauni. Ladan da aka yanke a kan adadi guda, ba tare da an ɗaure shi da tsadar rayuwa ba, kullum ƙanƙancewa yake yi. Wanda kuma ba ya zuwa sai an ajiye aiki, yana koya wa ma'aikaci cewa yaji ne ke kawo biya, ba ƙwazo ba.

Batun karramawa ya fi wannan ban takaici. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ita ce ta hana Patrick Sawyer, ɗan Laberiya mai ɗauke da cutar Ebola, barin asibiti a Legas a Yulin 2014, matakin da ya taimaka matuƙa wajen daƙile cutar a birni mai miliyoyin jama'a. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Sai a Oktoban 2022, shekara takwas bayan rasuwarta, aka ba ta lambar girmamawa ta ƙasa ta OON, alhali a tsakanin nan 'yan siyasa da attajirai da dama sun karɓi tasu. Ƙaramin likita da ke kwana a ɗakin gaggawa yana kallon wannan, yana kuma auna matsayinsa da shi. Akwai lambar yabo ta ƙwazon aiki da Cibiyar Bunƙasa Ƙwazo ta Ƙasa ke shiryawa, amma duk mai bin jerin sunayen da ake fitarwa ya san manya ne suka fi cika shi.

Karramawar da ke riƙe ma'aikaci galibi ba a ɗakin taro take ba. Tana cikin ƙarin girma a kan lokaci, da biyan kuɗin horon ƙwarewa ba tare da an yi ta bin sawu ba, da ɗakin hutawa mai wuta da ruwa ga wanda ya kwana a bakin aiki, da maye gurbin wanda ya tafi don kada aikin mutum biyar ya koma kan mutum guda. Tana kuma cikin tsaro. A Disambar 2023 'yan bindiga suka sace wata likita daga rukunin gidajen ma'aikatan Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta shafe wata goma a hannunsu, har sai da abokan aikinta suka yi yajin gargaɗi na mako guda a Agustan 2024. Babu alawus ɗin da zai goge wannan daga zuciyar mai tunanin ko ya zauna ko ya tafi.

A Arewa ƙaurar hawa-hawa ce. Likitan da jiha ta ɗauki nauyin karatunsa yakan cika wa'adin yarjejeniyarsa, ya koma asibitin Gwamnatin Tarayya inda albashi ya fi tsoka, daga can ya wuce Abuja ko Legas, ko ya hau jirgi. Babban asibitin ƙaramar hukuma shi ne ƙarshen layi, kuma a can ne mace mai naƙuda ke tarar da likita ɗaya tilo, in ma an dace. Gwamnonin da ke alfahari da gina sababbin asibitoci ba kasafai suke faɗin likitoci nawa suka rage musu a cikin tsofaffin ba.

Gwamnatin Tarayya ta ce ta faɗaɗa guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da jinya da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Mataki ne mai amfani, sai dai malaman da za su koyar da waɗannan ɗalibai su ne ƙwararrun da ke ficewa, kuma ɗalibin da ya shiga aji ɗaya bana sai ya yi shekara shida kafin ya kammala. Alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, wanda shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a Afrilun 2001, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba, kuma daga wannan kasafi ne za a biya duk wani alawus da sabuwar manufar ta ambata.