Zakaran Duniya da Bai Taɓa Fita Gida Ba

Duk shekara a ƙarshen watan Oktoba, ƙungiyoyi biyu na wasan besbol kan kara a Amurka, wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ta ɗauki kofi. Besbol shi ne wasan da ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da sanda ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu. Sunan gasar World Series, wato jerin wasannin duniya, kuma tun 1903 ake yin ta. Wanda ya ci, sai a naɗa shi zakaran duniya. Sai dai ƙungiyoyi 30 ne kaɗai ke da damar shiga: 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Zakarun Japan da na Koriya ta Kudu ba su da ƙofar shiga, komai ƙwarewarsu.

Masu kare wannan suna ba su rasa hujja ba. Sukan ce gwanayen duniya a can suke taruwa, kuma haka ne: fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan wasan babbar gasar Amurka a ƙasashen waje aka haife su, galibi Jamhuriyar Dominikan da Benezuwela da Kuba. To amma mu masu kallon ƙwallon ƙafa mun san bambanci. Firimiyar Ingila cike take da 'yan Afirka da 'yan Kudancin Amurka, duk da haka ba wanda ya taɓa kiran zakaranta zakaran duniya. Tara gwanaye alamar kuɗi ce. Gasar duniya kuwa ita ce wadda baƙo zai iya zuwa da tutarsa ya kayar da mai gida.

Da aka buɗe wannan ƙofa, gani ya kori ji. A 2006 aka fara World Baseball Classic, gasar ƙasa da ƙasa da ƙwararru ke bugawa. Japan ta ci ta farko, ta maimaita a 2009. Jamhuriyar Dominikan ta ɗauka a 2013. Sai a 2017 Amurka ta ɗanɗana. A 2023 kuma, a birnin Mayami, Japan ta doke Amurka da ci 3 da 2, inda Shohei Ohtani ya rufe wasan da fitar da Mike Trout, abokin wasansa a ƙungiya ɗaya a lokacin. Cikin gasa biyar na farko, masu wasan sun ci ɗaya tak.

Wani zai ce ai besbol ƙaramin wasa ne, shi ya sa duniya ba ta damu ba. Nan ma akwai gyara. Yaɗuwar wasa tana bin sawun jirgin ruwa da makaranta da kasuwa. Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya koyar da besbol a Tokyo a 1872. Ɗaliban da suka dawo daga Amurka ne suka kai shi Kuba a shekarun 1860, daga nan Kubawa suka tsallaka da shi Dominikan, ya yi saiwa a garuruwan rake. Mu kuwa Ingilishi ne suka iso mana, da ƙwallon ƙafa da kurket da ƙwallon dawaki. Na dawakin ya zauna a Katsina tun zamanin Sarki Dikko, domin akwai doki da fada. Kurket ya tsaya a 'yan makarantu. Ƙwallon ƙafa ya shiga kowane lungu, saboda tsumma da duwatsu huɗu sun isa a fara. Besbol na neman sanda da safar hannu da fili na musamman da mai koyar da ƙa'idoji masu yawa. Shi ya sa FIFA ke da mambobi 211, shi kuwa besbol yake shiga Olamfik yana fita: an cire shi bayan 2008, ya dawo a Tokyo, bai je Faris ba a 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da sunan ke lulluɓewa. Dukkan ƙungiyoyin nan 30 suna da makarantun horo a Dominikan, suna ɗaukar yara tun suna shekara 16. Ƙasar na noma gwanaye, kofi da kuɗin talabijin suna can wani wuri. Duk wanda ya ga yadda yaranmu ke rububin tafiya Turai ya san wannan ciniki. Ƙasar da ke tura 'ya'yanta kawai ba ta shiga gasa ba, haya ta bayar.

Saboda haka ina ganin a kira kowane kofi da sunansa. Na Oktoba kofin Amurka da Kanada ne, kuma wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Sarautar duniya kuwa sai an fito fili, inda Tokyo da Santo Domingo za su iya cewa ba su yarda ba.